Shin Ko Kun San? Rijiyoyin Gas da Ruwan Sha a Arewacin Ostireliya

Shin ko kun san a Ostireliya akwai yanki guda da ya fi Jamhuriyar Nijar faɗi, amma mutanensa kimanin dubu 250 ne kacal? Sunansa Yankin Arewa, babban birninsa Darwin, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunansa Aborijin ne, 'yan asalin ƙasar da suka riga Turawa zama a can da dubban shekaru. Tafiyar kilomita 500 kudu maso gabas da Darwin akwai wani fili na makiyaya da ƙananan ƙauyuka mai suna Beetaloo. A ƙarƙashinsa iskar gas take, kuma a kanta ake ta ja-in-ja kusan shekara goma.

Ko kun san gas ɗin Beetaloo ba ya fitowa don an huda ƙasa kawai? A maƙale yake cikin wani dutse mai falle-falle, kilomita biyu zuwa huɗu a ƙasa. Sai an haƙa rijiya ta sauka, a karkata ta ta miƙe a kwance cikin dutsen, sannan a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsattsage. Yashin ya shiga tsagin ya hana shi rufewa, gas ya samu hanya. Wannan ita ce fasa-dutse. Rijiya guda takan sha ruwa lita miliyan 10 ko fiye, wato cikin tankar mai kusan 300 irin mai lita 33,000 da muke gani a hanya. A yankin kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ake amfani da shi daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Mutum da saniya da maɓuɓɓugan Mataranka duk taska ɗaya suke sha, kuma ta cikin wannan taskar bututun rijiyar gas yake ratsawa kafin ya kai dutsen.

Kun san gwamnatin yankin ta taɓa dakatar da aikin? A 2016 ne. Ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Rachel Pepper, wanda ya miƙa rahotonsa a Maris 2018 da shawarwari 135. Abin da kwamitin ya ce shi ne ana iya rage haɗarin idan an aiwatar da shawarwarin duka, ba a tsinci wasu a bar wasu ba. Wata guda bayan haka aka ɗage dakatarwar. A Mayu 2023 gwamnatin yankin ƙarƙashin Natasha Fyles ta ce sharuɗɗa sun cika, a shiga haƙa gadan-gadan. Masu kare muhalli da masana da dama sun ce ba su cika ba, musamman sharaɗin da ya ce kada aikin ya ƙara wa ƙasar hayaƙi mai ɗumama duniya.

Shin ko kun san kuɗin jama'a aka ɗiba aka ba kamfanoni su haƙa rijiyoyin gwaji? Bayan annobar korona, Firaminista Scott Morrison ya ce da gas za a farfaɗo da tattalin arziki. A ƙarshen 2020 gwamnatinsa ta ware dalar Ostireliya miliyan 50 don tallafa wa masu haƙa a Beetaloo, ta ƙara da sama da miliyan 170 don gyara hanyoyin da manyan motocin kamfanonin za su bi. Tallafin haƙar ba rance ba ne, kyauta ce. Gwamnati ta ɗauki rubu'in kuɗin rijiya, in an samu gas na kamfani ne, in ba a samu ba asarar wannan rubu'in ta faɗa kan mai biyan haraji.

A Yuli 2021 aka ba wani reshe na kamfanin Empire Energy dala miliyan 21 don rijiyoyi uku. Ƙungiyar kare muhalli ta yankin ta garzaya Kotun Tarayya. Ana tsakiyar shari'a gwamnati ta sa hannu a kan kwangilar, abin da ya sa a Disamba na shekarar alƙali ya soke ta. Sai dai bai karɓi hujjar masu ƙara a kan sauyin yanayi ba, don haka a farkon 2022 aka sake rubuta takarda, kamfanin ya samu miliyan 19.4. Wani reshe na kamfanin Tamboran shi ma ya samu miliyan 7.5.

Ku riƙe wannan adadi na miliyan 21, ga abin da za a auna shi da shi. Laramba ƙauyen Aborijin ne a tsakiyar yankin, arewa da Alice Springs. Shekara da shekaru ruwan famfonsu yana ɗauke da yuraniyom kusan ninki uku na abin da ƙa'idar lafiyar ƙasar ta yarda a sha, kuma hukuma ta sani. Mutanen suka yi ta kai kuka har gaban shari'a. Sai a 2023 aka buɗe musu injin tace ruwa, kuɗinsa dala miliyan 6.8. Tallafin rijiyar gwaji ɗaya ke nan, kusan daidai. A 2021 gwamnatin yankin ta ware miliyan 28 don gyara ruwan ƙauyuka goma cikin shekara huɗu, abin da bai kai kashi 60 cikin ɗari na asusun tallafin haƙa ba. Gaskiya ne aljihun ba ɗaya ba ne, wancan na tarayya, wannan na yanki. Amma uwar da ke dafa wa jaririnta abinci da wannan ruwa 'yar ƙasa ɗaya ce da mai hannun jari, kuma ta ga wanda aka fara sallama.

Ko kun san a 2018, shekarar da aka ɗage dakatarwar, aka gargaɗi wasu unguwannin Aborijin a garin Borroloola, a gabashin Beetaloo, kada su sha ruwan famfo saboda an samu dalma a cikinsa?

Shin ko kun san a ƙauyukan Aborijin na wannan ƙasa mai arziki da mita mai kati ake shan wuta? Wanda ya taɓa zama cikin duhu a Kano ko Maraɗi don kati ya ƙare ya san zancen. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature Energy ta buga ya bi gidaje 3,300 a ƙauyuka 28 na yankin, daga 2018 zuwa 2019. Kashi 91 cikin ɗari wuta ta yanke musu aƙalla sau ɗaya saboda ƙarewar kati. Kashi 74 ta yanke musu fiye da sau goma. Kuma yankewar ta fi yawa a ranakun tsananin zafi ko tsananin sanyi, lokacin da aka fi bukatarta. Wuri ne da zafi ke haura digiri 40, ciwon suga da ciwon ƙoda sun yi katutu, magani kuma a firiji yake. Wannan ne ya fi damuna a dukan labarin. Ƙasa ce da ke cikin uku na farko a duniya wajen sayar da gas ta jiragen ruwa, mafi yawan abin da take haƙowa ma waje yake tafiya, amma insulin ɗin tsohuwa yana lalacewa don ba ta da kuɗin kati.

Kun san rana ba ta yi wa yankin rowa ba? Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun hasken rana a duniya. An gina gonakin sola a Katherine da Batchelor da Manton Dam, suka yi shekaru a kammale ba sa ba da wutar da aka gina su dominta, saboda layin wutar Darwin ƙarami ne, ba a tanadar masa batura da gyaran da zai karɓi wutar rana ba. Irin wannan gyara aikin gwamnati ne, kuma shi aka jinkirta. Yankin ya yi alkawarin rabin wutarsa za ta fito daga makamashi mai tsafta zuwa 2030. A 2025 gwamnatin Lia Finocchiaro ta janye alkawarin.

Sauya gwamnatin tarayya bai sauya alƙibla ba. Jam'iyyar Leba ta Anthony Albanese ta hau mulki a 2022, kuma a kasafinta na farko ta bar dala biliyan 1.5 don gina unguwar masana'antu a Middle Arm, bakin tashar ruwan Darwin. Gwamnati ta ce wurin na masana'antu masu tsafta ne. Tamboran kuwa ya samu fili a ciki, inda yake shirin kafa masana'antar daskarar da gas ɗin Beetaloo don fitarwa waje.

Masu goyon baya suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Kusan duk wutar Darwin da gas ake samar da ita, rijiyar Blacktip da ke cikin teku wadda aka dogara da ita ta ja baya, har hukumar wuta ta koma sayen gas na gaggawa. Yankin yana fama da bashi, yana kwaɗayin kashi 10 cikin ɗari na harajin haƙa. Suna kuma nuna Amurka: tun 1976 gwamnatinta ta zuba kuɗi a binciken irin wannan dutse, ta yi rangwamen haraji daga 1980, kamfanin George Mitchell ya gano dabarar a Texas a ƙarshen shekarun 1990, zuwa 2023 Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da daskararren gas. Kuma ba za a ce gwamnatin tarayya ta manta da ƙauyuka ɗungurungum ba, don a 2024 an sanar da dala biliyan 4 don gina gidaje 2,700 cikin shekara goma.

Amma ko kun san abin da ya faru a Amurka bai maimaita kansa a Turai ba? A 2011 aka yi hasashen Folan tana zaune a kan gas mai yawan gaske. An haƙa rijiyoyi kusan 70, ExxonMobil ya tafi a 2012, Chevron ya bi shi a 2015, ba a sayar da komai ba. A Ingila majalisar gundumar Lancashire ta ƙi amincewa da fasa-dutse a 2015, minista ya soke hukuncinta a 2016, aka haƙa, ƙasa ta girgiza da ƙarfin 2.9 a Agusta 2019, a Nuwamba aka dakatar. Ofishin babban mai binciken kuɗin ƙasar ya ƙiyasta hukumomi sun kashe aƙalla fam miliyan 32.7 tun 2011, miliyan 13.4 daga ciki a kan 'yan sandan da ke gadin wuraren. Rijiya uku kacal aka fasa. A cikin Ostireliya kanta jihar Victoria ta haramta fasa-dutse a 2017, ta shigar da haramcin cikin tsarin mulkinta a 2021.

Batun aikin yi fa? Gwamnatin Morrison ta yi maganar guraben aiki 6,000. Masana tattalin arzikin da kwamitin Pepper ya ɗauka sun ce ko da komai ya tafi yadda ake fata, matsakaicin guraben bai wuce ɗari biyar da 'yan kai a shekara ba. Babban kamfanin Origin Energy, wanda ya fi kowa sanin filin, ya sayar da kasonsa ya fita a 2022.

Ko kun san gas ɗin da ke tsiyaya daga rijiya da bututu, wato metan, ya fi hayaƙin kabon riƙe zafi kusan sau 80 a cikin shekara 20 na farko?

A nan kusa da mu ma an yi wannan rigima. A farkon 2015 mutanen In Salah, a hamadar Aljeriya, sun shafe watanni a kan titi suna adawa da rijiyoyin fasa-dutse, don ruwan da dabinonsu ke sha tsohon ruwa ne na ƙarƙashin Sahara da ba ya dawowa in ya gurɓace. A Najeriya haƙar Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamba 2022, a iyakar Bauchi da Gombe, ba ta fasa-dutse ba ce, amma tambayar rabon kuɗin iri ɗaya ce. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu kwangiloli don neman mai a sababbin wurare, ta ba al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfani.

Shin ko kun san wani ƙaramin ƙauye a gefen filin Beetaloo ya gaji da jira? Marlinja sunansa, kusa da garin Elliott, ƙasar mutanen Mudburra. Da taimakon ƙungiyar Original Power suka kafa faifan sola da batura mallakar ƙauyen, aka ƙaddamar a 2024. An tsara shi ta yadda kuɗin wutar da ranar ta samar zai riƙa shiga kai tsaye cikin mitocin gidaje, ya rage musu sayen kati. A shekarar dai gwamnatin yankin ta sa hannu da Tamboran za ta riƙa sayen gas ɗin Beetaloo na tsawon shekara tara, tun kamfanin bai fara sayar da ko kaɗan ba. Da wannan takarda kamfanin ya samu ƙarfin neman jari. Da aka tambayi farashin da jama'a za su biya, gwamnati ta ce sirrin ciniki ne.