Evan Parker: Mabushin da Ya Zaunar da Na'ura Cikin Makaɗa

A watan Nuwamban 2007, a garin Huddersfield da ke arewacin Ingila, makaɗa goma sha huɗu suka taru domin ɗaukar wani faifai. Takwas daga cikinsu na riƙe da kayan da kowa zai gane: fiyano, ganguna, goge irin na Turawa, ƙaho, har da wata sarewar gora ta Japan mai bututu da yawa. Sauran shidan kuwa a bayan tebura suke, gabansu kwamfutoci ne da wayoyi da maɓallai. Wanda bai san kan zancen ba zai ɗauka injiniyoyi ne da aka ɗauko su kula da lasifika. Alhali makaɗa ne kamar kowa, sai dai yawancinsu ba sa kawo nasu sautin. Suna jira wani ya busa ko ya buga, su cafke abin da ya fito, su ja shi, su yayyanka shi, su mayar wa mai shi a wata kama kafin ya sauke numfashi.

Wanda ya tara su shi ne Evan Parker, ɗan Ingila mai busa saksofon, wato ƙahon tagullan nan mai lanƙwasa da aka saba gani a hannun Fela Kuti ko Manu Dibango. Wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙera shi, ya yi masa rajista a Faransa a 1846. Parker na busa iri biyu, babba mai kaurin murya da kuma miƙaƙƙe mai siririyar murya, kuma da na biyun ya fi yin suna.

An haife shi a Bristol ranar 5 ga Afrilun 1944. Ya fara busa yana ɗan shekara 14, yana kwaikwayon Paul Desmond mai laushin salo, kafin kiɗan John Coltrane ya ɗauke masa hankali. Ilimin tsirrai ya je karanta a Jami'ar Birmingham, bai kuwa ƙarasa ba. Wata tafiya da ya yi zuwa New York a 1962, inda ya ga Cecil Taylor yana dukan fiyano ba tare da bin ƙa'idojin jaz da aka gada ba, tana cikin abin da ya karkatar da shi. A 1966 ya koma Landan ya shiga ƙungiyar mai ganga John Stevens, wadda ke taruwa a wani ɗan ɗaki da ake kira Little Theatre Club. Abin da suke nema a can shi ne kiɗan da ba a rubuta ba, ba a yi bitarsa ba, ba shi da amshi: kowa ya saurari ɗan'uwansa, ya ba shi amsa nan take. Bayan shekara biyu yana birnin Bremen na Jamus, cikin mutum takwas da suka yi faifan Machine Gun na Peter Brötzmann, wanda har yau ake ambata in ana zancen kiɗa mai tsananin ƙara. A 1970 shi da mai jita Derek Bailey da mai ganga Tony Oxley suka kafa kamfanin faifai na Incus, domin manyan kamfanoni ba su ga riba a irin wannan kiɗa ba.

Haɗuwarsa da lantarki ta faro ne a wannan tsakanin, cikin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Music Improvisation Company. A cikinta akwai Hugh Davies, wanda ya taɓa zama mataimakin mai tsara kiɗa Karlheinz Stockhausen a Jamus. Davies ba ya sayen kayan kiɗa, haɗa su yake da tarkace: sifirin, waya, ɗan ƙarfe, ya liƙa musu ƙaramin makirufo mai jin motsin abin da aka manna shi a kai. Ɗaya daga cikin kayansa ma a cikin bangon wani tsohon kundin ilimi ya gina shi. Ga kuma Bailey a gefe yana wasa da kukan lasifika, irin wanda kan tashi a wurin taro idan makirufo ya matsa kusa da ita, kowa ya toshe kunne. Bailey ya mayar da wannan kuka kayan aiki, yana iya riƙe shi muddin akwai wuta.

Nan matsalar mabushi ta fito fili. Lantarki ba ya gajiya, shi kuwa huhun ɗan Adam sai ya tsaya ya ja iska.

Maganin da Parker ya kama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tsaya kusa da mai algaita a hawan sallah ya ga yadda kumatunsa ke kumbura busa kuwa ba ta yankewa. Dabarar ita ce a tara iska a kumatu, a matsa ta cikin bututu da ƙarfin tsokar baki, a daidai lokacin kuma a shaƙi sabuwa ta hanci. Masu busa a Misira da Indiya da Sadiniya da Ostareliya duk sun san ta tun da daɗewa, kuma a jaz Rahsaan Roland Kirk ya riga shi amfani da ita. Abin da Parker ya ƙara shi ne abin da ya ɗora a kanta. Ya haɗa numfashi marar yankewa da saurin yatsu da sarrafa harshe, ya kuma koyi fito da siraran muryoyin da ke ɓoye a saman kowane sauti. Idan sautuka na sama da na ƙasa suna musanyawa da saurin da kunne ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, sai ƙwaƙwalwa ta raba su gida-gida, ta ji kamar mutum biyu ko uku ne ke busa tare. A faifansa na Monoceros na 1978, gefe guda cur busa ɗaya ce ta fiye da minti 20. An kuma yanka faifan ne kai tsaye yana cikin busawa, ba a bi ta kaset ba, don haka babu damar gyara ko ɗora murya kan murya. Mai sauraro na farko yakan rantse akwai na'ura a ciki, alhali babu.

Wannan ne ya sa labarinsa ya bambanta da na sauran waɗanda suka sa wa saksofon wuta. Tun a tsakiyar shekarun 1960 kamfanin Selmer ya fito da wata na'ura mai suna Varitone da ake maƙala wa ƙahon, Eddie Harris a Amurka ya yi kasuwa da ita. Amma wannan ado ne, mabushi na taɓa maɓalli muryarsa ta yi kauri ko ta yi amsa-kuwwa, iko duka na hannunsa. Parker bai buƙaci na'ura ta yawaita masa murya ba, ya riga ya iya da bakinsa. Abokin gardama yake nema, wanda zai mayar masa da abin da bai zata ba.

A 1990 ya kafa Electro-Acoustic Ensemble da mutum shida. Tushenta shi ne tsofaffin abokansa biyu, Barry Guy mai babban goge na tsaye da Paul Lytton mai ganga, wanda tun wajen 1969 yake kiɗa tare da shi, yake kuma haɗa nasa tarkacen lantarki. Aka ƙara Philipp Wachsmann mai goge, da Italiyawa biyu, Walter Prati da Marco Vecchi, masu sarrafa sauti. Faifansu na farko, Toward the Margins, ya fito a 1997 daga kamfanin ECM na birnin Munich. A shekarar ne kuma Parker ya yi aiki a cibiyar STEIM ta Amsterdam tare da Lawrence Casserley, tsohon malami a Royal College of Music ta Landan, wanda ke gina wata na'ura da ake kaɗawa da hannu da ƙafa kamar ganga, amma abin da take kaɗawa sautin wani ne.

Yadda abin ke tafiya kuwa, makirufo ne ke ɗaukar busar ya aika wa kwamfuta. Mai kwamfutar na iya jinkirta ta da daƙiƙa ɗaya ko talatin, ya sauke ta ƙasa har ta koma gurnani, ya daddatsa ta gutsi-gutsi ya watsa ta lasifikoki daban-daban na zauren. Parker na jin wannan a take, sai ya canza abin da yake busawa domin ya amsa, sabuwar busar ita ma ta sake faɗawa hannun na'urar. Wani lokaci mai kwamfuta na biyu yakan kama abin da na farko ya fitar ya sake juya shi. Bayan 'yan mintuna, ko su da ke kan dandamali ba lallai su iya nuna wane sauti ne na wa ba. Idan mabushi ya yi shiru, na'urar ba ta da abin ci sai abin da ta ajiye, don haka shirun ma shawara ce da ke canza kiɗan.

Ƙungiyar ta yi ta girma: mutum bakwai a faifan Drawn Inward na 1999, tara a Memory/Vision da aka ɗauka a Oslo a 2002, goma sha ɗaya a The Eleventh Hour da aka ɗauka a Glasgow a 2004, sai goma sha huɗun Huddersfield, waɗanda faifansu The Moment's Energy ya fito a 2009. Girman nan ne ya tilasta wa Parker zama mai tsara kiɗa, shi da ya yi suna da ƙin takarda. Mutum uku na iya sauraron juna su daidaita, amma goma sha huɗu da kwamfutoci in aka sake su hayaniya za a samu. Sai dai tsarin nasa ba na rubuta wa kowa sautin da zai fitar ba ne. Yakan shata wa zai fara, wa zai shigo bayansa, wace na'ura za ta bi wane makaɗi, yaushe za a bar mutum biyu su kaɗai. Abin da za su faɗa a cikin wannan fili nasu ne.

Ba kowa wannan ya yi wa daɗi ba, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Wasu masoyan jaz na ganin na'urorin sun lulluɓe kaifin busarsa da hazo, kuma gaskiya akwai wurare a faifan ƙungiyar da sautin ke taruwa ya yi nauyi har kunne ya rasa inda zai kama. Wanda ya saba da kiɗa mai amshi da taken rawa zai sha wuya a zaman farko. Amma zargin da aka fi yi wa kiɗan lantarki, cewa danna maɓalli ne kawai kwamfuta ta yi sauran, bai kama wannan ƙungiya ba. Casserley ko abokin aikinsa mai kwamfuta Joel Ryan na iya yin kuskure a gaban jama'a kamar yadda mai goge zai yi, kuma ba a iya maimaita wasan jiya yau ko an so.

Akwai kuma batun kuɗi. Tara makaɗa daga Ingila da Italiya da Sifen da Amurka da Japan, da jigilar kayansu, sai babban bikin kiɗa mai tallafi, shi ya sa ƙungiyar ba ta cika haɗuwa ba. Parker bai dogara da ita kaɗai ba. Ya ci gaba da busa shi kaɗai da kuma tare da Guy da Lytton, ya kafa kamfanin faifansa na Psi a 2001, ya kuma sa busarsa a faifan mawaƙa irin su Scott Walker da Robert Wyatt da 'yan kiɗan lantarki na Spring Heel Jack.

Daga baya ya koma ga tsari mai sauƙin ɗauka. Shi da Matthew Wright, wanda ke aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka da injin juya faifai, suka fara wani aiki mai suna Trance Map, faifansa na farko ya fito a 2011. Wright na ɗebo guntayen tsofaffin busar Parker da kukan tsuntsaye da ƙwari da aka ɗauka a daji, ya jera su, Parker ya busa a kansu, wani lokaci yana amsa wa abin da shi kansa ya busa shekaru da suka wuce. Sukan gayyato ƙarin makaɗa in wuri ya ba da dama, kamar yadda suka yi a faifan Crepuscule in Nickelsdorf da kamfanin Intakt na Zurich ya fitar a 2019, lokacin Parker na da shekara 75.