Audugar da Take Maƙalewa a Inji

A ƙarshen shekarun 1970, masana'antun kaɗi na Turai suka yi ta ƙorafi kan audugar Sudan. Ido na ganinta fara tas, silinta dogo, amma da ta shiga inji sai ta riƙa nannaɗewa a jikin ƙarafan da ke jan ta, zare ya tsinke, a tsaida aiki a goge. Farashinta ya faɗi. Asarar ta gangaro har kan Hausawan Wad Haddad da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Gezira, waɗanda gumin iyayensu ya raya gonakin auduga tun da aka gama madatsar Sennar a 1925.

Me ke sa auduga danƙo? Zargi na farko ya faɗa kan ita kanta audugar, kuma da dalili. Kusan kashi 90 cikin ɗari na silinta selulos ne, wato polima: dubban ƙwayoyin gulukos da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Tunda gulukos sukari ne, ashe dole ta yi danƙo? Ilimin polima ya wanke ta. Dogayen jerin nan suna kwance gefe da gefe, sun riƙe juna gam, ruwa ba ya narkar da su, zafin inji ba ya sa su laushi. Sukari mai danƙo shi ne guntu, wanda ke zaune shi kaɗai ko bibbiyu.

Aka koma kan gurya da ke farfashewa wurin gurza, da sukarin da ke saura a silin da bai nuna ba. Duka suna iya kawo matsala, amma ba su bayyana abin da ake gani ba. Masu bincike a Faransa sun ƙirƙiro gwaji mai sauƙi: a baje auduga siririya tsakanin fallayen alminiyom biyu, a danne da ƙarfe mai zafi, sannan a ɗaga. Sai ga ɗige-ɗige nan da can inda sili ya manne, saura kuwa fes. Abin da ke warwatse haka, daga waje ya faɗo.

Sawun ya kai gona. A ƙarƙashin ganye farin ƙuda ke zama yana tsotsar ruwan shuka, yana zubar da darɓa a kan audugar da ta buɗe. A cikin darɓar akwai wani sukari da ake kira tirehalulos, wanda ƙwaron ke sarrafawa a cikinsa. Yana jan laima daga iska, kuma yana narkewa a wajen digiri 48. Hannun mai tsinka ba ya kai wannan zafi, amma ƙarfen da ya wuni yana juyawa yakan kai.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa ƙudan ya yi yawa a lokacin? An yi shekaru ana feshin DDT da danginsa da jiragen sama don kashe tsutsar auduga. Feshin ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuma ya ɓuya ƙarƙashin ganye, ya saba da maganin, ya hayayyafa. Maganin da aka zuba don ceton auduga shi ya ɓata ta.

Da aka gane haka, hanya ta fito: rage feshi, barin ƙwarin da ke taimakon manomi, da tsinkar auduga da wuri kafin darɓa ta taru.

Jami'ar Gezira da aka kafa a Wad Madani a 1975 ta daɗe tana koyar da kimiyyar zare da saƙa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita yankin, kuma ranar da za a sake gina noman auduga za a buƙaci masu sanin abin da ke cikin sili. Yaran da suka taso suna tsinkar auduga sun fi kowa cancantar wannan karatu, kuma haƙƙi ne a kan manya su tura su.