Gajiyar da Barci Ba Ya Kawarwa: Abin da Za Ku Bincika Kafin Ku Sayi Maganin Ƙarin Ƙarfi

Ya ku 'yan kasuwa da magidanta da iyaye mata na Rey Buba da ƙauyukan Mayo-Rey, da ku fatake masu bin hanyar Garwa da Cholire da Tuboro har zuwa kasuwar Mbaimbum.

Wanda ya wuni a rumfa ko a gonar auduga ya san gajiya, ya kuma san maganinta: wanka, tuwo, barci. Amma akwai wata iri wadda barci ba ya taɓa ta. Mutum ya kwanta da ita, ya tashi da ita, mako ya bi mako har a shiga watanni. Buhun da a da yake ciccibawa shi kaɗai, yanzu sai ya nemi mai kama masa. Uwargida ta ɗora tukunya, kafin ta tafasa ta nemi tabarma. Wasu kuma bayan gajiyar sai jikinsu ya daina jure wari. Da sun shaƙi fetur, ko turaren wuta, ko hayaƙin maganin sauro, sai kai ya sara, ƙirji ya toshe, zuciya ta tashi. A gida a ce lalaci ne, ko a ce sammu. A kasuwa kuwa mai tallar magani na nan yana jira da kwalbarsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Gajiyar da ta wuce mako 3 ko 4 ba tare da sauƙi ba tana da dalili, kuma a ƙasarmu yawancin dalilan ana iya gano su da gwaji mai sauƙin kuɗi. Kuɗin da za ku zuba a kwalabe 3 na maganin ƙarin ƙarfi, ku fara kai shi ɗakin gwaji.

A fara da ɗigon jini

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kawo doguwar kasala a wannan yanki shi ne ƙarancin jini. A cikin jini akwai wani sinadari ja mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ga kowace gaɓa. In ya yi ƙasa, sai haki da jiri da bugun zuciya, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: ƙasa da giram 13 a kowace desilita ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu a watannin farko da na ƙarshe na ciki. Ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa ya isa a auna. Ku roƙi malamin asibiti ya rubuta muku lambar a takarda, ku adana ta, domin da ita za a gane ko magani yana aiki.

Sai dai sanin cewa jini ya yi ƙasa rabin aiki ne. Wajibi ne a san ta inda yake zurarewa. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, kuma babba na iya yawo da shi a jiki ba tare da ya kwanta ba. Tsutsar ciki tana tsotsa a hankali. Haihuwa kusa da kusa da yawan jinin al'ada suna ƙarar da ajiyar mace. Ga kuma tsargiya. Ruwa mai kwanciya, irin na tafkin Lagdo da aka gama datsewa a 1982 da kududdufan da damina ke bari a bakin Binuwai da Mayo-Rey, gida ne na ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar. Tana shiga ta fata yayin wanka, ko wanki, ko su. Jini a ƙarshen fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, ko da kakanni sun faɗa. Cuta ce, kuma maganinta, firazikwantel, ana shan sa ne a rana guda gwargwadon nauyi ko tsawon mutum.

Idan gajiyar ta zo da tarin da ya wuce mako 2, ko rama, ko gumin dare, ko ido ya yi rawaya, ko ƙafa ta kumbura, ko yawan ƙishirwa da fitsari, to ba ta maganin gida ba ce. Tarin fuka, ciwon hanta, ciwon suga da cutar ƙanjamau duk sukan fara da kasala. Maganin tarin fuka kyauta ne a Kamaru, haka ma maganin ƙanjamau tun 2007.

Abin da tukunya ke iya yi

Jiki yana gina jini da sinadarin ƙarfe, kuma mafi saurin shiga jiki shi ne na nama da kifi da hanta. Ba sai an yanka ba: ƙananan busassun kifi da ake dakawa a miya suna taimakawa ƙwarai, tare da ƙashinsu. Mai juna biyu dai ta taƙaita cin hanta, don yawan bitamin A da ke cikinta na iya cutar da ɗan tayi.

Wake, gyaɗa, riɗi, gero, daddawa, zogale, kuka, rama da alayyafo su ma suna da wannan sinadari, amma hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi sai an taimaka masa. Mataimakinsa abu ne mai bitamin C: matsin lemon tsami a kan kwaɗon zogale, ɗanyen tumatir, gwaba, mangwaro, ko garin 'ya'yan kuka da aka dama a ruwa mai sanyi. Maƙiyinsa kuwa, ku yi haƙuri, shayi ne. Shayi mai kauri da ake kurɓa kan abinci yana ɗaure sinadarin ƙarfe ya hana shi shiga jini. Ba mu ce a bar shayi ba, mun san ba za a bari ba. A dai ba shi tazarar awa guda ko biyu bayan cin abinci. Kanwa ma, in ta yi yawa a miya, tana lalata wasu bitamin, haka nan doguwar dahuwar ganye. Zogale kuma a shanya shi a inuwa, ba a tsakar rana ba.

Akwai abubuwa biyu da jama'a suka yi imani da su, waɗanda ya kamata a faɗi gaskiya a kansu. Zoɓo abin sha ne mai kyau, musamman a zafin Maris da Afrilu lokacin da ma'aunin zafi a Garwa ke haura 40, amma jan launinsa ba jini ba ne, kuma ba ya warkar da ƙarancin jini. Lemon malt da ake haɗawa da madarar gwangwani kuwa suga ne da kitse. Yana ba da kuzarin ɗan lokaci, jinin na nan yadda yake, kuɗin kuma da sun sayi kifi da wake na kwana biyu.

Tun 2011 doka ta wajabta a Kamaru a ƙara bitamin A a man girki na masana'anta, a kuma ƙara sinadarin ƙarfe da wasu bitamin a fulawa. Gishiri ma ana sa masa sinadarin ayodin, mai hana maƙoƙo. Ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima.

Ƙwaya mai amfani da ƙwaya mai yaudara

In gwaji ya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe, abinci kaɗai ba ya cike giɓin da wuri. Abin da ke aiki shi ne 'yar ƙwayar nan da ake ba mata wajen awon ciki, mai miligiram 60 na sinadarin ƙarfe haɗe da folik asid. Tana daga cikin magunguna mafi araha a ɗakin shan magani, kuma ta fi yawancin ruwan ƙarin jini masu kwali mai ƙyalli. Tana mai da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Tana iya kawo tashin zuciya ko taurin bayan gida, sai a sha ta bayan abinci. Inda mutane ke kuskure shi ne dainawa da zarar sun ji dama, alhali ana son a ci gaba kimanin wata 3 don ajiyar jiki ta cika. A ɓoye ta daga yara, domin yaro in ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. Mai cutar sikila kuma kada ya sha sai likita ya ce.

Tramol fa? Masu acaɓa da 'yan dako da masu noma sun san shi, daga Garwa har Yola da Mubi. Maganin ciwo ne na dangin masu sa maye. A Najeriya na miligiram 50 da 100 ne kawai doka ta amince da su, amma wanda ke yawo a kan tebur yakan kai 200 ko 225. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, rufe wa mutum jin gajiyar kawai yake yi, jiki na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. Yana kawo farfaɗiya, yana kuma kama mutum har ya kasa tashi sai da shi. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata ke sha, waɗanda akan samu dekisametason a cikinsu: kumburi ne ba lafiya ba, suna jawo hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Gubar da ke kwana a ɗaki

Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Tun da aka kafa Sodecoton a 1974, feshi ya zama wani ɓangare na aikin damina, ga kuma magungunan ƙwari da na ciyawa da ke shigowa kasuwa ta kan iyaka, wasu a kwalabe marasa takarda. Da yawa daga magungunan ƙwari suna aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyi, kuma jijiyar mutum ba ta tsira ba. Suna shiga ta fata fiye da yadda ake zato. Wanda ke feshi da 'yar shara ba takalmi, da wanda ke ɗura magani daga jarka zuwa ƙananan kwalabe a rumfa, da matar da ke wanke kayan feshin mijinta, duk suna ɗiba kaɗan-kaɗan. Sakamakon shi ne ciwon kai, jiri, kasala da rashin barci da ba a san mafarinsu ba.

Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki don sauro ko kuɗin cizo maganin gona ne. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da irinsa a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutanen da ya halaka. Gidan sauro ya fi shi, ya fi maganin sauro na kunnawa. In sabon gidan sauro yana sa ƙaiƙayi, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake ko masara tana fitar da iska mai kisa, don haka kada buhun ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani sam: buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwari su mutu. Abin alfahari ne cewa a nan arewacin Kamaru, a Marwa, masu binciken aikin gona na ƙasar da na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980.

Kai mai sayar da zuwa-zuwa a kwalba, kada ka zuƙi fetur da baki ta tiyo, kada kuma jarkoki su kwana inda iyali ke barci. Kai mai feshi, sa doguwar riga da wando da takalmi, ka yi da sanyin safiya, iska na bayanka. Kada ka ci goro ko ka sha taba kana cikin aiki. Ka yi wanka da sabulu kafin ka ɗauki yaro. Jarkar magani ba ta zama ta ruwa ko ta mai, ko sau nawa aka wanke ta.

Sai batun nono. Kusan kowane mai feshi ya yarda cewa ƙwaryar nono bayan aiki tana kashe guba. Ba ta kashewa. In wani ya sha magani ko ya zube masa a jiki, ya fara dalalar da yawu, da gumi, da amai, da wahalar numfashi, kada a ɗura masa nono ko manja, kada a sa shi amai da gangan. A cire masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin. Akwai allurar da ke karya irin wannan guba, amma sai an isa da wuri.

In an bincika ba a ga komai ba

Yakan faru a yi duk gwaje-gwaje su fito lafiya, mutum kuwa na nan a kwance. Wani lokaci damuwa ce, ta bashi ko ta rashi ko ta zaman gida, kuma ita ma tana da magani. Wani lokaci kuma wata cuta ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan jijiya tun 1969, wadda kan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ta wuce wata 6. Alamarta ita ce, in mai ita ya matsa wa kansa yau, gobe ko jibi sai ya kwanta warwas. Har yanzu ba a samo ƙwayar da ke warkar da ita ba, saboda haka duk mai tallar da ya ce yana da ita, kuɗinku yake so. Abin da ke taimakawa shi ne auna aiki: a raba shi ƙanana, a huta kafin ƙarfi ya ƙare, a zauna a yi abin da za a iya yi a zaune. Tilasta wa irin wannan mara lafiya aiki don wai jikinsa ya saki yana ƙara masa ciwo.

Mai rashin jure wari kuwa a fara duba shi ko asma ce, don ita tana da magani na shaƙa mai aiki sosai. In ba ita ba ce, sauƙinsa na hannun mutanen gida. Ke uwargida, mun san darajar turaren wuta a ɗakin mace, amma in akwai wanda yake sarar wa kai, a kunna shi lokacin da ba ya nan, a buɗe taga. A yi girki a fili, hayaƙi ya bi iska. A kasuwa ya nemi rumfa nesa da masu fetur da masu maganin ƙwari. Tsumman da ake ɗaurawa a hanci yana tare ƙura, ba ya tare tururin magani. Jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke guba daga jiki kuwa yawancinsu gudawa suke sawa, su bar mutum ya fi da gajiya.

Ranar da za ku asibiti, ku tattara duk abin da mara lafiya ke sha a leda guda, na kemis da na gargajiya da na kan tebur, kada ku ji kunyar ko ɗaya. Ku faɗi sana'arsa, da ruwan da yake shiga, da abin da ake ajiyewa a ɗakin da yake kwana. In an ba da ƙwayar ƙarin jini, ku koma bayan wata guda a sake auna himogulobin, a gwada sabuwar lambar da wadda ke takardarku.