Ko Kun Sani? Abin da Ya Faru Ran 11 ga Fabrairu

Ranar 11 ga Fabrairun 1979 ce sojojin Iran suka koma bariki, gwamnatin Shah ta ruguje, juyin juya halin Ayatullahi Khomeini ya tabbata. A 2011 kuma, a irin wannan rana, Hosni Mubarak na Masar ya sauka daga mulki bayan kwana 18 ana zanga-zanga.

Amma wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce ta 1990. Da la'asar ɗin wannan Lahadi, Nelson Mandela ya fito daga kurkukun Victor Verster a Afirka ta Kudu, yana riƙe da hannun matarsa Winnie, ya ɗaga ɗaya hannun sama a dunƙule. Shekara 27 ya yi a tsare. Ya shiga da baƙin gashi, ya fito da furfura, yana ɗan shekara 71.