Yadda Ƙasashen Arewacin Turai Ke Koyar Da Yara Da Majigi Da Telebijin

Ran 24 ga watan Afrilu na shekarar 1961 jama'ar ƙasar Suwidin suka zauna gaban akwatunan telebijin suna kallon wani abin mamaki a tashar jiragen ruwa ta Istokholm, babban birninsu. Wani jirgin yaƙi ne na katako mai suna Vasa ake tsamowa daga ƙarƙashin ruwa, inda ya kwana shekara 333. Sarki Gustav Adolf ne ya sa aka ƙera shi, aka ɗora masa igwa 64, amma ranar da aka fara fita da shi cikin watan Agusta na 1628, bai ko ci mil guda ba iska ta karkata shi, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa, ya nitse da mutum wajen 30.

A wannan shekara ta 1961 ne kuma aka fara shirin telebijin na makarantu a Suwidin, kuma kai ka ce don irin wannan shiri aka tsamo jirgin. Malamin tarihi zai yi maganar yaƙin da Sarkin yake yi da ƙasar Folan. Malamin kimiyya kuwa zai tambayi yara abin da ke kifar da jirgin da nauyi ya yi wa yawa a sama, da dalilin da ya hana katakon nan ruɓewa. Amsar ta biyu ita ce ruwan Tekun Baltik ba shi da gishiri sosai, saboda haka tsutsar da ke cinye katakon jiragen ruwa ba ta jin daɗin zama a cikinsa. Yaron da ya ga baƙin katakon yana ɓullowa daga ruwa ba zai sha wahalar riƙe wannan ba, domin gani ya kori ji.

Ƙasashen da ake magana a kansu biyar ne, watau Suwidin, Norwe, Danmak, Finlan da Aislan. Tun zamanin rediyo suka ɗauki koyarwa ta iska a matsayin aikin jama'a. Suwidin ta fara shirin rediyo na makarantu cikin 1929, sa'an nan cikin 1978 ta kafa wani kamfani na musamman da ake kira UR, wanda ba shi da wani aiki sai shirya darussa na rediyo da telebijin. Ba a saka talla a cikin shirye-shiryensa. Da kuɗin lasin telebijin ake tafiyar da shi a dā, amma tun 2019 wani haraji ne da ake cira daga abin da mutane ke samu. A farko malami ne ke jiran lokacin da za a nuna darasi, daga baya aka riƙa aron fim da kaset daga ɗakunan ajiya na larduna, yanzu kuwa ta intanet ake ɗauko su. Abin da bai sake ba shi ne takardar jagora da ake haɗawa da yawancin shirye-shiryen, mai nuna wa malami abin da zai tambayi yara kafin kallo da bayansa.

Babban dalilin wannan ɗawainiya shi ne harshe. Duk mutanen ƙasashen nan biyar ba su kai miliyan 30 ba, Aislan ma wajen mutum 400,000 ne kawai. Da sun ga dama da sun sayo finafinan Ingila da Amurka sun huta, amma suka ga idan yaro bai taɓa jin an yi bayanin lantarki ko kewayawar jini da harshen uwarsa ba, zai tashi yana zaton harshen nan na hira ne da ciniki kurum. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa masu jin Hausa sun fi mutanen ƙasashen nan gaba ɗaya yawa nesa ba kusa ba.

A fannin kimiyya ƙasar da kanta ta ba su abin nunawa. A garin Tromso na arewacin Norwe rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, kuma ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Idan aka ɗauki hoton ranar na awa 24 aka matse shi cikin minti guda, sai a gan ta tana sauka kamar za ta faɗi, ta sake tashi, daga nan bayanin karkatar duniya ya zo da sauƙi. Gidan telebijin na Norwe, NRK, ya fara wani shirin kimiyya na yara mai suna Newton cikin 1995. Cikin 2015 shirin ya yi jerin darussa a kan balaga ba tare da sakaya ba, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a wasu ƙasashe, abin da ke nuna cewa fim na makaranta ma yana ɗauke da al'adar waɗanda suka yi shi. Akwai kuma marigayi Hans Rosling, likita ɗan Suwidin wanda ya taɓa aiki a Mozambik. A wani ɗan fim da ya yi da BBC cikin 2010 ya mai da kowace ƙasa ƙwallo mai motsi, ya nuna yadda arziki da tsawon rai suka sake a ƙasashe 200 cikin shekara 200, duk a minti huɗu.

Amma a ganina a fannin tarihi ne aikin ya fi nauyi, domin a nan malami yana kokawa da abin da silima ta riga ta cusa wa yara. Kowa ya san siffar kakannin mutanen nan da ake kira Viking: ƙarti masu hular ƙarfe mai ƙaho, ba su da aiki sai hari. To, ƙahon nan ƙirƙira ce ta masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo a ƙarni na 19. Hular da aka tono kusan cikakkiya a Norwe cikin 1943 ba ta da ƙaho ko ɗaya. Harin kam sun kai, har da kama bayi, amma kuma fatake ne na gaske. Cikin shekarar 922 wani manzon Halifan Bagadaza mai suna Ahmad Ibn Fadlan ya gamu da wasu fataken arewa a bakin Kogin Bolga, ya rubuta bayanin tufafinsu da cinikinsu da yadda suke jana'iza. Cikin 1999 aka tono azurfa wajen kilo 67 a wata gona a tsibirin Gotland na Suwidin, a ciki har da tsabar kuɗi fiye da 14,000, galibinsu dirhami ne na ƙasashen Musulmi. Kyamara tana iya kawo tsaba ɗaya kusa har rubutun Larabcin ya cika allo, wanda ko a gidan adana kayan tarihi ba a samun haka, inda yara 30 ke cunkushe gaban gilashi guda.

Suna kuma da ɗabi'ar gwada tarihi da hannu, su ɗauki gwajin a fim. A Roskilde ta Danmak an tsamo jiragen Viking biyar cikin 1962, aka sāke ƙera mafi tsawonsu da irin gatarin mutanen dā, aka tuƙa shi har birnin Dublin cikin 2007. Wanda ya fi shahara a irin wannan gwaji shi ne Thor Heyerdahl ɗan Norwe, kuma labarinsa ya shafi yankinmu. Cikin 1969 ya so ya gwada ko jirgin da aka ɗaure da doguwar ciyawar ruwan nan da Misirawan dā ke yin takarda da ita zai iya ƙetare Tekun Atlantika. Magina ya nema ya samu a Tabkin Chadi, inda Buduma ke ɗaure irin waɗannan jirage. Su suka ɗaure masa jirgin Ra a gindin dalar Masar, ɗaya daga cikinsu, Abdullahi Jibrin, ya shiga tafiyar daga Safi ta Maroko. Jirgin ya lalace kafin su kai gaci, sai na biyunsa ne, wanda magina daga Boliviya suka ɗaure, ya isa Barbados cikin kwana 57 a 1970. A hanya suka riƙa ganin dunƙulen baƙin mai a tsakiyar teku, suka kai rahoto Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwajin ya nuna tafiyar tana yiwuwa, bai nuna an taɓa yin ta ba, kuma masana tarihi da yawa ba su yarda da ra'ayinsa ba. Wannan bambanci kuwa fim ba ya son faɗinsa, sai dai malami ya tsai da shi ya faɗa.

Game da sanin al'adun juna, yarjejeniyar Helsinki ta 1962 ta tanadi cewa makarantun kowace ƙasa su koyar da harsuna da al'adun sauran, kuma tun 1959 gidajen telebijin nasu suke musayar shirye-shirye ƙarƙashin Nordvision. Harsunan Suwidin da Norwe da Danmak 'yan uwan juna ne, duk da haka samari kan koma Turanci idan sun haɗu. Abin dariya, wani wasan kwaikwayo ne na 'yan sakandare mai suna Skam, wanda NRK ta nuna daga 2015 zuwa 2017, ya sa samarin Danmak suka riƙa kwaikwayon maganar Norwe, alhali ba don aji aka yi shi ba.

Akwai kuma tarihin da aka daɗe ba a so a nuna. A can arewa akwai ƙabilar Sami, waɗanda aka sani da kiwon wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara. Fiye da shekara 100 makarantun Norwe suna matsa wa 'ya'yansu su bar harshensu, sai cikin Nuwamba 2024 Majalisar Norwe ta nemi gafararsu. A Suwidin an amince da harsunan tsiraru biyar cikin 2000, har da na Sami, kuma wajibi ne UR ta riƙa yin shirye-shirye da su.

Sai dai a 'yan shekarun nan su kansu sun fara jan linzami. Wata jarrabawar karatu ta ƙasashen duniya ta nuna makin 'yan aji huɗu na Suwidin ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. Ministar Makarantu ta lokacin, Lotta Edholm, ta ce an yi gaggawar cika azuzuwa da na'urori, Gwamnati kuma ta ware kuɗi na musamman cikin 2023 domin sayen littattafai. Masana sun yi gardama a kan ko na'urorin ne kaɗai ke da laifi. Finlan ta bi da dokar taƙaita wayar hannu a aji daga Agusta 2025. Ba a rufe UR ba, ba a kuma hana nuna fim ba. Abin da ake ragewa shi ne zaman yaro shi kaɗai da na'ura a hannu, ana komawa ga allo guda a gaban aji, malami na tsaye a gefe da takardar jagorarsa.