Ciwon da Ke Cin Taransifoma Daga Ciki

A Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, da an ce taransifoma ta ƙone, kowa ya san abin da zai biyo baya: masu niƙa da walda su koma kan janareta, masu ƙanƙara su tafka asara, unguwa ta shiga karo-karo tana jiran KEDCO, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa tun 2013. Sai a ɗora laifin kan tsawar jiya, alhali sau da yawa ɓarnar ta daɗe tana ci a cikin man da ke tankinta.

Taransifomar unguwa tana sauko da wuta daga bolt 11,000 ko 33,000 zuwa wadda gidaje ke sha. A cikinta akwai wayoyin jan ƙarfe naɗe da takarda ta musamman, an nutsar da su cikin mai da aka tace daga ɗanyen man fetur. Man yana kwashe zafi, yana kuma hana wuta tsallakawa daga waya zuwa waya.

Da zarar kumfar iska ko ɗigon ruwa ya maƙale a cikinsa, an samu ɓaraka. Iska ba ta da juriyar mai, don haka ɗan tartsatsi kan tashi a cikin kumfar, ya mutu, ya sake tashi, dare da rana. Kowane tartsatsi yana tsinka ƙwayoyin man, waɗanda sarƙoƙi ne na kabon da haidurojin. Haidurojin ya fita a matsayin iska, ya ƙara kumfa, tartsatsin ya ƙaru. Abin da ya saura ya zama baƙin toka da wani dasƙararren maiƙo mai kama da kakin zuma. Zafi da iskar waje kuma suna sa man ya yi tsami, dauɗa ta kwanta ta toshe hanyoyin da yake bi yana sanyaya wayoyi.

Ana iya tace mai ko a sauya shi, amma takarda in ta gasu ta gasu ke nan. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, idan wuri mafi zafi a cikin naɗin ya haura digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufanta. A bazara, lokacin da zafin yankin nan ke wuce digiri 40, a lokacin ne fanka da firji ke ƙara mata lodi. Da damina kuma, tanki na shaƙar iska mai laima duk lokacin da man ya huce. Shi ya sa ake maƙala wata 'yar kwalba mai tsakuwoyin silika a gefensa, su tsotse laimar. Shuɗaye ne idan suna da rai. In suka koma ruwan hoda, sun ƙoshi, ruwa na wucewa ciki. Ɓarayin mai kuwa suna barin naɗin a tsirara.

Man yana faɗin ciwonsa ga mai tambaya. Yawan haidurojin a cikinsa alamar ƙananan tartsatsi ne, asitilin na nuna wuta ta riga ta yi tsalle sosai, kabon monoksaid kuma takarda ce ke gasuwa. Michel Duval na kamfanin Hydro-Québec a Kanada ya tsara hanyar karanta irin waɗannan iskoki a shekarun 1970. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a zuba man tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, a yi ta ƙara wuta har ta tsallaka. Sabon mai ya kamata ya jure aƙalla bolt 30,000.

Yankin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu bai kamata ya rasa masu fahimtar waɗannan alamu ba. Kwamitin unguwa ba sai ya taɓa komai ba, taɓawar ma haɗari ce. Daga bayan shinge ana ganin mai na ɗiga, ana ganin launin silika, ana jin ƙara ta sauya. A kai rahoto a rubuce, a nemi a gwada man kafin bazara, domin kuɗin gwaji bai kama ƙafar kuɗin sabuwar taransifoma ba.