Korahane: A Yi wa Yara Allura ko a Bari?

A Korahane, cikin gundumar Dakoro, da hunturu ya kama sai mura ta bi gida-gida. Amma wadda ta ɓulla a Meziko cikin 2009 dabam take: ran 11 ga Yuni hukumar lafiya ta duniya ta ce annoba ce, kuma ta fi kama yara da matasa.

Magidanci yakan yi jinkiri gaban sabuwar allura saboda jita-jitar kasuwa. Sai a tuna da Kano: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna, cutar ta ƙetare iyaka, ta naƙasa yara a ƙasashe da dama.

Mai shakka ya tambayi malamin asibiti tun yaro yana lafiya. Rigakafi ya fi magani.